Malam Datti a Bencin Baya

A unguwarmu a Gwarzo, wanda bai yi karatu a zauren Malam Datti ba, to wansa ya yi, ko ɗansa yana yi. Ni kaina a hannunsa na yi sauka kafin na kama ɗinki. Sunana Sagiru, tela ne ni, kuma shagona yana kallon ƙofar gidansa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

A Kutama aka haife shi, a gidan malamai waɗanda asalinsu Barebari ne, ko da yake Barbarcin ya bi kakanni tuntuni. Mahaifinsa alaramma ne mai zafi, irin waɗanda gyaran muryarsu kaɗai ke sa zaure ya yi tsit. A wurinsa Datti ya haddace Alƙur'ani ya karanta littattafai, sannan ya dawo Gwarzo ya auri Gwamma, ya buɗe makaranta. Da damina ya ɗaura fartanya a keke ya tafi gonar gado a Kutama, da rani ya zauna da ɗalibai. Haka ya yi ta yi har gemu ya yi fari fat.

Ɗan gajere ne siriri, kuma yana da wata ɗabi'a da ban gani wurin sauran malamai ba: tambaya. Ya taɓa zama a shagona tun hantsi har azahar, wai sai ya gane yadda zaren sama yake kama na ƙasa a keken ɗinki. Sai da na kwance masa keken, aikin mutane yana jirana, kuma ba dama na ce ya tashi.

Da ya haura saba'in sai ya miƙa makarantar ga babban ɗansa. Aikinsa ya koma ɗaurin aure, raɗin suna da sasanta maƙwabta. Duk inda ya zauna, kafin ya rufe baki an ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Ko tari ya yi sai an samu mai gyaɗa kai.

Ana haka aka faɗa a rediyo cewa rana kaza za a yi husufin wata, kuma aka yi ɗin kamar yadda aka faɗa. Washegari ina buɗe shago sai ga Malam. Bayan mun gaisa, an tambayi gajiya da iyali, ya ce, "Sagiru, wa ya gaya musu?"

Na ce, "Lissafi ne, Malam."

"Wane irin lissafi?"

Nan ilimina ya ƙare. Sai na ba shi labarin ajinmu na Asabar. Wasu tsofaffin malaman boko da suka yi ritaya ne suka kafa shi a wata firamare, don manya. Ba na koyon baƙi ba ne, kusan dukkanmu mun iya karatu. Bayan la'asar ake haɗuwa, wani satin a yi tarihi, wani satin a tattauna abin da duniya take ciki, wani lokacin har waƙa da zane ake taɓawa. Amma an fi cika ranar kimiyya. Mu ɗaliban kuwa akwai mahauci, akwai direba, akwai manoma daga Sabon Birni, kowa da tumbinsa da furfurarsa, muna matse a bencin yara.

Na faɗa masa ne don hira. Asabar na zuwa na gan shi a ƙofar shago da wankakkiyar riga, yana cewa na yi sauri kada mu makara.

Shigarsa ajin ta tayar da ƙaramin yaƙi. Kowa ya miƙe, masu tsugunawa suna tsugunawa, wani ya ruga ofishin hedimasta ya kinkimo kujera mai hannu ya dasa a gaba. Malam ya wuce kujerar kamar bai gan ta ba, ya nufi bencin baya inda Ashiru yake zaune. Shi Ashiru mutumin Madadi ne, Bafulatanin da ya bar yawon kiwo ya koma noma da turkar raguna. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa, don haka shi kaɗai ne a ajin yake da lasin tsokanar Malam.

"Yau Babarbare ya zo neman ilimi kusa da Bafulatani," in ji Ashiru. "Duniya ta zo ƙarshe."

"Matsa min," Malam ya ce, "kada ka shafa wa rigata ƙarnin nono."

Mai koya mana kimiyya sunansa Najmuddeen. Malamin sakandare ne a Kabo, kowace Asabar yake zuwa a babur. Mutum ne mai kuzari, idan yana bayani har da tsalle yake haɗawa, kuma idan ka yi kuskure zai gaya maka a gaban kowa yana dariya. Ranar ya shigo da sallamarsa, ya ɗaga kai, ya yi ido huɗu da mutumin da ya rubuta masa allonsa na farko. Nan take ya tuɓe takalmi, ya taka har bencin baya ya tsuguna. Gaisuwar ta ci kusan rabin darasin. Sauran rabin kuwa a ɗan rusune ya yi shi, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman aure a gaban surukai.

Daga ranar ajin ya sauya. Mu da muke musu har jijiyar wuya ta tashi, muka koma kamar masu zaman makoki. Idan an yi tambaya sai duk a waiwaya baya, ba mai buɗe baki sai Malam ya fara. Ni dai abin ya fara isata, amma wa zan gaya wa?

Shi kuwa Malam daɗi ya cika shi. Ranar da aka zo kan husufi, Najmuddeen ya zana rana da duniya da wata a allo, ya nuna yadda duniya take shiga tsakani, inuwarta ta faɗa kan wata. Malam ya tafa hannu ya ce, "Allahu Akbar! Ashe ke nan jinjirin wata ma haka yake. Inuwar duniya ce take rufe sauran jikinsa, ta bar mana ɗan siririn nan."

Najmuddeen ya dubi allin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam."

Duk muka gyaɗa kai. Malam ya koma gida da sabon iliminsa kamar wanda aka yi wa kyautar doki. Ya faɗa wa masu zuwa gaisuwa a zaure, ya faɗa wa dattawan masallaci, har Gwamma sai da ta ajiye tsintsiya ta saurara.

To amma shi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana duban wata. Da sabon wata ya kama, ya fito bayan magariba kamar yadda ya saba, ya hango shi a yamma, ɗan sama kaɗan da inda rana ta faɗa. Ya tsaya yana kallo. Ko yaro ya san idan fitila tana gabanka, inuwarka bayanka take zuwa. Rana tana yamma, to inuwar duniya gabas za ta nufa. Me ya kai ta kan watan da yake tsaye kusa da ranar? Da safe da ya zayyana min wannan a shago, babu fara'a a fuskarsa. Na ce ƙila Najmuddeen bai ji maganar da kyau ba ne. Malam ya ce, "Za mu gani."

Asabar ta gaba ana cikin darasi ya ɗaga hannu.

"Malam Najmuddeen, na ce ba. Watan da muke gani a nan Gwarzo ai daban yake da naku na Kabo, ko? Tunda kowace ƙaramar hukuma da nata."

Najmuddeen ya share gumi. Ya dube mu, muka dubi rufin kwano. Can ya ce, "To... akwai masu wannan fahimtar, Allah gafarta Malam."

Ashiru ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Malam kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauki sandarsa, ya yi mana sallama a hankali, ya fita.

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo, bencin baya babu Malam. Musunmu ya dawo, amma babu armashi. Ashiru ma ya rasa wanda zai tsokana, sai ya koma gyangyaɗi. Da na ga abin ya yi nisa, na fake da kai masa rigar da na gama ɗinkawa, na same shi shi kaɗai a zaure.

"Malam, mun daina ganinka."

"Sagiru, na je neman ilimi, an ba ni girma. Girma kuwa ina da shi a gida, har ya yi min yawa." Sannan ya ce, "Abin da ya fi ci min rai, na zauna a zauren nan na koya wa mutane abin da ba haka yake ba. Tun da na fara koyarwa nake gudun wannan. Gara na zauna da jahilcina, shi aƙalla na san iyakarsa."

Wallahi ya ba ni tausayi, kuma na ji haushin kanmu. Mutumin da ya koya wa rabin gari karatu ya zo da ƙishinsa, mun tare shi da ladabi mun hana shi sha.

Ranar Juma'a na tare Najmuddeen bayan an sauko daga masallaci. Ya ce min, "Baba Sagiru, bakina ba zai iya ba. Ta yaya zan dubi Malam a gaban jama'a na ce masa ya yi kuskure? Ai sai a ce boko ta lalata ni." Na ce ya zo ya faɗa wa Malam haka da kansa, na riƙe hannunsa har zaure don kada ya zille.

Malam ya bar shi ya gama ba da haƙurinsa tas, sannan ya ce, "Najmuddeen, idan ina jan salla kana bayana, na tsallake aya, me za ka yi?"

"Zan tuna maka, Allah gafarta Malam."

"A gaban jama'a?"

"Ƙwarai."

"Rashin kunya ke nan?"

"A'a, Malam. Haƙƙi ne. Kai ka koya mana."

"To me ya sa a ajinka ka ga na kauce, ka bar ni, har na ja mutane suka bi ni?"

Najmuddeen ya sunkuyar da kai. Malam ya ce, "Gobe zan zo. Idan aka sake yi min 'haka ne', na gama, ba zan ƙara taka wurin ba."

Labari ya zaga, don ni ba na iya riƙe magana. Ranar Asabar ɗin kuwa ajin ya cika har da masu leƙe ta taga. Malam ya zauna a bencinsa, ya bari aka fara, sannan ya ɗaga hannu ya maimaita maganarsa ta jinjirin wata da inuwar duniya, kalma bayan kalma, yana kallon Najmuddeen.

Najmuddeen ya ajiye alli. Ya tuɓe takalmi, ya tako har gaban bencin baya, ya tsuguna, ya dafa ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, an sake komawa. Sai muka ji wata 'yar siririyar murya ta ce, "Allah gafarta Malam... ba haka ba ne."

Malam ya kara hannu a kunne. "Me ka ce? Na tsufa, ba na ji sosai."

"Ba haka ba ne, Malam."

"Ɗaga murya, na taga ba su ji ba."

"Ba haka ba ne!"

"Alhamdu lillahi!" Malam ya ce, fuskarsa ta washe. "To tashi ka nuna min yadda yake."

Ajin ya kaure da dariya da kabbara. Najmuddeen ya miƙe yana haki kamar wanda ya sauke buhun masara. Ya ƙwace lemon da Ashiru yake shirin ɓarewa, ya ce duk mu fito waje. Watan ya kwana kamar bakwai, ga shi can fari-fari a sama tun da sauran rana, rabinsa kawai ake gani. Ya miƙa wa Malam lemon, ya ce ya ɗaga shi saitin watan.

"Duba, Malam. Ga rana, ga wata, duk suna sama, duniya ba ta shiga tsakaninsu ba. Yanzu dubi lemon."

Malam ya miƙe hannu ya ƙanƙance ido. Gefen lemon da ke fuskantar rana ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu, daidai da yadda watan yake a bayansa.

"Kullum rabin wata ne rana take haskawa," in ji Najmuddeen, tsohon kuzarinsa ya dawo. "Yayin da yake zagaya mu, wani lokaci mu ga duk gefen mai hasken, wani lokaci ɗan bakinsa kawai. Ba abin da yake rufe shi."

Malam ya daɗe a tsaye da lemo a sama, yana matsar da shi dama da hagu, leɓɓansa suna motsi. Da ya sauke hannu na ga idonsa ya yi rau-rau.

"Tun ranar da aka binne mahaifina a Kutama," ya ce, "ba wanda ya ƙara ce min ba haka ba ne. Ban san na yi kewar maganar nan ba sai yau."

Malam ya goge ido da bakin rawaninsa, ya kama hannun Najmuddeen ya nufi aji da shi.

"Mu koma ciki, Malam," ya ce wa Najmuddeen. "Ina da wata maganar a kan taurari, kuma ina kyautata zaton ita ma ban yi daidai ba."