Jan Ƙyallen da ke Ƙofar Siton Bompai

Shekarun baya, wata ranar Asabar da rana tsaka, ina zaune cikin wani ƙaton sito a Bompai, sai idona ya sauka kan wata tattabara kwance a gindin bango. Ba jini, ba rauni, fukafukanta a naɗe kamar mai barci. Na ɗan kai dubana gaba, sai ga wata. Can kuma ga ɓera ya miƙe ƙafafu sama. A lokacin ne na lura tun shigowarmu ban ji motsin komai ba, ko na ƙuda. Matar da ta kawo ni kuwa tana ta ba ni labari tana dariya.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na je wurin, don kada ku ce hankalina ne bai cika ba, ko da yake Ummata har yau haka take cewa.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina aiki a wani kamfanin tabarmar roba a Sharaɗa. Aikina yanke zaren da ya yi saura a bakin tabarma. Hannu ne kawai ke aiki, kai ba ya komai, saboda haka da an tashe mu cin abinci sai in samu lungu in buɗe waya. A wani guruf na WhatsApp na ci karo da labarin wata sabuwar marubuciya, wadda ba ta taɓa fitar da littafi ba. Labarin 'yar wani mai gadi ne da ta gano cewa a bayan wata ƙofa mai jan ƙyalle akwai gari guda na mutanen hayaƙi. Ba sa cin abinci sai ƙamshinsa, kuma duk tsuntsun da ya keta samaniyarsu sai ya faɗo yana barci. Wallahi sau da yawa shinkafata ta huce a gabana ban sani ba.

Rannan na yi ta maza na tura mata saƙo. Saƙo kuwa kamar na mai neman aiki, da gaisuwa da addu'a da tambayoyi jere. Ban sa ran amsa ba. Da yamma sai ga muryarta: "Ƙanwata, wannan tambayoyi naki ai sai an ci an ƙoshi. A ina kike?"

Ni a raina wata Hajiya ce mai mota da gilashin ido. Ashe a kamfanin fata take aiki a Challawa, tana tantance fatu, kuma yawancin labarin da babban yatsa ta rubuta shi a waya, a cikin motar ma'aikata. Siririya ce, mai saurin magana, mai dariya da dukan jikinta. Ta girme ni sosai, sai nake ce mata Anti. Muka saba. Takan zo gidanmu a Ɗorayi, Umma ta zuba mata tuwo tana kallonta a kaikaice, don ita duk mai rubuta labarin aljanu ba ta gama yarda da shi ba.

A hankali na san rayuwarta. Mahaifinta mai gadi ne, daga wani ƙauye na Jigawa. A ɗakin gadi na wani siton riɗi da zoɓo a Bompai ta yi wayo. Ba ta da abokan wasa sai tattabaru da buhuna. Ta ce wasu lokuta baban nata yakan ɗaure jan ƙyalle a ƙofar sito, ya zaunar da ita ya ce, "Baƙi sun sauka. Ba a shiga, ba a leƙe, ba a wasa a kusa, sai sun tashi." Ita kuma ta kwana tana tunanin kamanninsu. Ya rasu tana 'yar firamare, suka bar wurin.

"Duk littafin nan daga bakin Baba ya fito," in ji ta. "Dabararsa ce don kada in riƙa hawa buhunan mutane. Amma kin ga abin da ta haifar."

Da aka kusa buga littafin a takarda, sai ta ce tana son ta sake ganin wurin kafin ta rufe babin ƙarshe, ko zan raka ta? Ni da aka ce in raka marubuciya wurin da labari ya fito? Har sabon mayafi na sa. Ita kuwa Umma, ce mata na yi gidan ƙawata za ni.

Mai gadin da muka tarar tsoho ne, mutumin Nijar, ashe tare suka yi aiki da babanta. Ya daɗe yana kallonta, sai ya riƙe baki.

"Ke ce 'yar ƙaramar nan mai korar mana tattabaru? Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Malam."

Ta ce za mu ɗan zaga. Ya ɗauki butarsa, ya ce zai je masallaci, an kusa azahar. "Ku zaga, ku zaga. Ke 'yar gida ce, ba sai an gaya miki komai ba."

Wannan maganar tasa na sha juya ta a raina.

Muka zaga ta baya. Sai Anti ta ja ta tsaya, ta damƙe hannuna. Ga wata 'yar ƙaramar ƙofa, an ɗaure ta da waya, an cusa tsummoki a ƙasanta, ga jan ƙyalle yana lilo a jiki.

"Kin gani? Har yanzu suna yi!" Idonta har ya kawo ruwa. "Ƙanwata, tun ina yarinya nake son in shiga ranar da ƙyallen nan yake ɗaure. Yau dai ba mai hana ni."

Na ce, "Anti, anya kuwa?"

"Matsoraciya. In mutanen hayaƙin sun fito, ke za su aura, kin fi ni kyau."

Ta warware wayar, muka shiga, ta janyo ƙofar don kada a ce mun bar ta a buɗe.

Ciki da duhu-duhu, sai hasken da ke ratsowa ta saman kwano. An jera buhuna har kusa da rufi, an lulluɓe su da manyan tamfol, an danne gefen da buhunan yashi. Ga wani wari kamar tafarnuwa, kamar kuma kifin da ya kwana. Muka zauna a gindin tulin buhunan. Ni da rawar kai har na ɗaga gefen tamfol ɗin na leƙa, wai ko zan ga ƙofar garin. Ita kuwa ta shiga nuna mini: nan ne fadar sarauniyarsu, wancan ƙarfen shi ne gadar da yarinyar ta haye, can babanta yake shimfiɗa buzunsa in ana ruwa. Tana magana fuskarta na haske. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin haka ba.

A nan ne na ga tattabarar.

Abin kunyar shi ne ban yi magana nan take ba. Kaina ya riga ya fara sarawa, ƙirjina kamar an ɗora mini dutse, amma ina jin nauyin in katse ta. Kuma, in faɗa muku gaskiya, ba guba na kawo a raina ba. Tsuntsayen littafin na tuna. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ina rikita ta, ina komowa farko.

"Anti," na ce da ƙyar, "dubi can."

Ta duba. Dariyar ta ɗauke. Ta yi tari, ta sake yi, ta dafe kanta.

"Ke ma kanki na ciwo?"

Na gyaɗa kai. Na miƙe, sai siton ya juya da ni. Ƙofar da muka shigo ta yi mini nisa kamar Ɗorayi. Ban san yadda muka kai ba, na dai san ita ce take ja na, ina jin numfashinta yana ƙara kamar tsohuwar fanka. Muna faɗowa waje na durƙusa na yi ta amai.

Tsohon nan na dawowa ya gan mu, ya ga ƙofa a buɗe, ya saki butar.

"Innalillahi! Ciki kuka shiga? An sa magani! Shekaranjiya aka zuba ƙwayar ƙwari aka rufe! Ba ki ga ƙyallen ba?"

Anti tana haki ta ce, "Baba ya ce... baƙi ne."

"Haka ake gaya wa yara!" Ya ɗora hannu a ka. "Yaro ka ce masa magani, sai ya je ya gani. Ka ce masa aljanu, ba ya zuwa. Wayyo, Malam bai gaya miki ba da kika girma?"

Ai Malam bai ga girman nata ba.

Shi ya fita titi da gudu, tsoho da shi, ya tare mai adaidaita sahu. Wata mai abinci a bakin get ta biyo mu da manja a kofi, wai mu sha ya kashe dafin. Mai adaidaitan ya ce, "Hajiya, ki bar su su isa asibiti da ransu," ya ja. Ina tuna yadda muke kutsawa tsakanin tireloli, iska na dukan fuskata, amma in na ja ta ba ta isa ciki.

A asibiti suka sa mana abin shaƙar iska, suka manna mini wasu wayoyi a ƙirji. Aka kira Umma a waya, ta iso mayafinta a karkace. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da komai. A can gefe ta tare likitar, wata mata mai sanyin murya.

"Likita, a yi mata allurar da za ta karya shi mana."

"Mama, wannan ba shi da makari. Sai dai mu taimaka mata da numfashi, mu sa ido a kan zuciyarta da huhunta. Wani lokaci mutum yakan ga kamar ya warware, daga baya abin ya taso. Sai mun ga yadda za ta kai gobe."

Sun ɗauka ban ji ba. Na ji sarai.

Ban iya kwatanta muku wannan jira. Ka ji sauƙi, amma an ce sauƙin ma ba abin yarda ba ne. Duk tarin da na yi sai in kalli tafin hannuna. Duk bugun zuciya sai in saurari na bayansa, ko zai zo. Na tuna ƙaryar da na yi wa Umma da safe, na ce shi ke nan, da ita zan tafi. Na kama hannunta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Rufe mini baki, ki yi numfashi."

Anti tana gadon da ke kusa da nawa. Umma ko kallon inda take ba ta yi. Ba wanda ya zo wurinta, don 'yan'uwanta suna can ƙauye, ba su samu labari da wuri ba. Can na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta zame abin shaƙar ta ce, "Ƙanwata, ki yafe ni. Shekara da shekaru ina cewa Baba mai ban tsoro ne, mai iya shirya labari. Ashe raina yake tsarewa. Ni kuma na ɗauki 'yar mutane na kai ta."

Ina jin tausayinta, ina kuma jin haushinta, duka a lokaci ɗaya.

Littafin ya fito daga baya, kuma ya karɓu. Ta sauya babin ƙarshe, yarinyar ba ta shiga garin ba. Muna gaisawa har yanzu. Amma ni ban iya karanta shi a takarda ba, yana nan cikin akwatina. Har yau in Umma tana daka tafarnuwa sai in fita tsakar gida. In na ga an ɗaure tsumma a wata ƙofa, ko ta shagon mai faci ce, sai na tsallaka titi. Abin da na ɗauka daga ciki ba mai yawa ba ne. In kun tsorata yaro da wani labari don ku kare shi, ku tuna akwai ranar da zai daina jin tsoron, to kafin ranar ku gaya masa ainihin abin. In kuma jikinku ya ce muku ku tashi daga wuri, ku tashi, ko wa ke magana.

Washegari da hantsi likitar ta shigo. Ta sa abin aunawa a bayana, ta ce in ja numfashi, in sake ja. Ta duba takardar gwajin zuciya ta daɗe. Ni dai bakinta nake kallo.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Huhun ya washe, zuciya lafiya. Kin tsallake. Ita ma 'yar'uwar taki haka."

Umma ta ce, "Likita, sake faɗa."

"Ta tsallake, Mama. Ba abin da zai same ta, in sha Allahu."

Sai Umma ta zauna daɓas a kan siminti, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ta gama ta share ido, ta jawo fulas ɗin kunun da ta kawo, ta zuba mini a kofi. Sannan ta cika murfin fulas ɗin, ta miƙa wa gadon da ke gefe ba tare da ta juya ba.

"Ungo, sha," ta ce. "Ke ma 'yar wani ce."