Wanda Ya Juya Mini Injin a Gubuchi

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da shi, ba ji na yi ba. Lokacin ina gyaran tarakta a Hunkuyi, farkon damina, aka kira ni Gubuchi gidan wata tsohuwa, Mama Saratu. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar tarakta mai shan fetur, ta ƙi tashi, ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, gonarta ko huɗa babu.

Ranar Lahadi ce da hantsi, ita da ɗanta duk sun tafi coci suka bar ni a rumfa. Na duba na ga tayimin ne ya goce, wato wuta ba ta zuwa filogi a daidai lokacinta. Shi kuwa aikin mutum biyu ne: ka cire filogi na farko, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya riƙa murɗa injin da ƙarfe ta gaba har iska ta turo yatsanka, sannan ka saita wuta. Ni da na saba aiki da mutane, kaina a sunkuye, bakina ya suɓuce na ce, "Juya!"

Sai injin ya juya. A hankali, irin juyin wanda ya san aikin, iska na turo yatsana ya tsaya cak tun kafin in ce tsaya. Na ɗauka ɗanta ne ya dawo, na ɗaure komai, na ɗago. Innalillahi! Ba kowa, ƙarfen kuma yana rataye a bango.

Na daure na yi ta ba ta wuta, ko tari ta ƙi yi, alhali na san aikina daidai yake.

Da Mama ta dawo na faɗa mata, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, ka yi masa sannu?"

Na ce, "Wa, Mama?"

"Babba ya kama maka aiki ka yi shiru? Shi ba ya son raini."

Nan na gane marigayi mijinta take nufi. Ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ya tafi, amma na durƙusa gaban taraktar nan na ce, "Sannu da aiki, Baba." Murɗa ɗaya ta tashi. Washegari aka yi mata huɗa.

Har yau ban san abin da na gaisar ba, kuma in na tuna tsigar jikina tashi take. Don Allah, in kuna aiki ku kaɗai, ku kama bakinku, kada ku nemi a kama muku.