Inda Bakan Baba Pam Ya Tsage

Ranar Asabar ta farko bayan an ba mu hutun ƙarshen shekara, ina aji biyar a firamare, Baba Pam ya fara ɗora mini bakansa a hannu. Muna kan duwatsun bayan Tudun Wada, sanyin safiya ya ƙame mini yatsu, ya ajiye wata ruɓaɓɓiyar kabewa a kan falalen dutse ya ce in harba. Na ja tsirkiya iya ƙarfina, ko haɓata ba ta kai ba, kibiyar ta faɗi a gaban ƙafata. Ya yi dariya har da tari, ya ce yau kabewa ta kwana lafiya.

Baba Pam maƙwabcinmu ne, shingen ƙyarana kawai ya raba gidajenmu. Shi ɗan asalin wurin ne, manomin acca da dankali, mu kuwa kakanmu ne ya zo haƙar kuza ya zauna, mahaifina ya zama tela. 'Ya'yansa maza sun yi boko sun tafi aikin gwamnati, ba wanda ya waiwayi farauta, kuma abin yana cin ransa. Da ya ga yadda na addabi tsuntsayen unguwa da danƙo, sai ya je shago ya roƙi mahaifina a bar ni in koya. Daga nan, in na cika randa, na hura wa mahaifina gawayin dutsen guga, sai in tsallaka shinge. Ya koya mini miƙe ƙyauron kibiya a kan wuta, da shafa wa baka man kaɗanya, da gane sawun zomo a gonar acca, da yadda ake bin rema ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Bakan na mahaifinsa ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. Doka ɗaya yake maimaita mini kullum: "Yarona, kada ka saki tsirkiya babu kibiya. Ƙarfin da bai sami wurin zuwa ba, jikin baka zai koma."

Ni kuwa a lokacin kaina rawa yake yi. Na cika 'yan ajinmu da labari a filin makaranta, har na kashe musu kura da baki. Wata rana Baba Pam ya tafi coci, na kwaso abokaina uku daga wurin wasan langa, na sauko da bakan daga rumbu don su ga na iya. Kwarin kibau yana ɗakinsa a kulle. Na ja tsirkiya har kunne, na sake ta haka nan. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas, a cikin tafin hannuna. Na duba, ga tsaga siririya kamar gashi a ƙasan mariƙi. Na lakato man kaɗanya da toka na cike ta, na mayar da bakan inda yake, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan mako biyu aka yi farautar gayya ta kaka. Al'adarsu ce dattijon da ya fi kowa shekaru shi ke sakin kibiyar farko, kuma a shekarar ne layi ya zo kan Baba Pam, bayan ya daɗe yana jira. Ina tsaye a bayansa riƙe da kwari. Ya ɗana kibiya, ya ja, bakan ya dare gida biyu a gaban jama'a, ɓari ɗaya ya fasa masa goshi. Ya tsuguna ya ɗauki guntayen, ya shafa bakin tsagar da babban yatsa, ya dubi tokar da ta maƙale masa. Bai juyo ya kalle ni ba. "Laifina ne," ya ce da mutane, "na tsufa, ban kula da shi ba." Wani ya harba a madadinsa.

Bai ƙara fita farauta ba. Bai kuma canza mini fuska ba, in matarsa ta dafa gwate sai ya kira ni. Ni ne kunya ta hana ni tsallaka shingen, na riƙa fakewa da aikin shago, ina cewa gobe zan faɗa masa. Ina makarantar kwana ya rasu. Da na dawo hutu, 'yarsa Kaneng ta kawo mini bakan, an ɗaure shi da fata. Ta ce, "Baba ya ce a ba ka. Ya ce kai ka fi kowa sanin inda ya tsage, don haka kai za ka fi kowa kula da shi." Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ko da aka gaya mini mutuwarsa.

Yanzu an fasa duwatsun nan an yi gidaje, katangar bulo ta maye shingen ƙyarana, yaran unguwa kuma a waya suke harbi. Bakan yana rataye a shagon da na gada, kowace kaka ina sauko da shi in shafa masa mai. Ɗana ya taɓa tambayata wa ya karya shi, na ce ni ne. Kalmomi biyu ne kacal, amma ban iya kai su tsallaken shinge ba.