Turaren Rigunan Baba

A daminar da ciwon suga ya ci ƙafar Baba, Inna ce ta karɓi wankinsa, ta hana kowa taɓawa. Mikin yana wari, warin kuma yakan kama riga da zanen gado, sabulu ba ya fitar da shi. Ni kaina da nake 'yarsa, sai na danne numfashi kafin in shiga ɗakin.

Da yayana ya kai wake kasuwar Dawanau, Inna ta sa ya biya cikin birni ya sayo mata 'yar kwalbar man turare mai ƙamshin sandal. Takan ɗiga kaɗan a ruwan ɗauraya, ta shanya rigunan a kan danga, in sun bushe ta ninke ta kai masa. Masu zuwa dubiya suka fara daɗewa a zaune, har hira ta dawo ɗakin.

Wata safiya ta miƙa masa farar riga, ya shinshina, ya ajiye ta gefe.

Ya ce, "Ki daina sa mini wannan. Ƙamshin likkafani nake ji."

Inna ta ce, "Malam, don baƙi nake yi."

"Na sani. Ki bari sai lokacin ya yi."

Ba ta ƙara sawa ba. Masu dubiya suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa, Baba yana amsawa yana kallon bango. Ya rasu ana gab da yankan gero. Ni da Inna muka wanke sauran kayansa a bakin rijiya, daga baya aka raba wa 'yan'uwa.