Turmin Iya da Majigi

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gidanmu a Sheshe, kowa ya zaci aikin ofis zan nema. Ni kuwa abin da ke raina dabam ne. Ina aji uku a jami'a na fara ganin yadda ake haɗa wata 'yar na'ura mai jin motsi da majigi, ka taɓa abu sai hoto ya fito a bango. Tun daga ranar turmin kakata ya tsaya mini a rai.

Kakata, wadda muke kira Iya, ita ce gwanar lugude a layinmu. Tana cikin daka sai ta cilla taɓarya sama, ta yi tafi biyu, ta cafe, ba ta taɓa ɓata kiɗan ba. Da injin niƙa ya yawaita, sai aka bar yi. Turminta ya koma bayan ɗaki a kife, kaji na hawa.

Na samu mahaifina a soro na ce, "Baba, aron soron nan nake so na sati biyu."

Ya ce, "Ki yi me da shi?"

Na yi ta bayani, yana kallona. Da na gama ya ce, "Wato sinima za ki buɗe mini a ƙofar gida."

"A'a Baba, daka za a yi."

Ya yi dariya har da tari, ya naɗe buzunsa ya ba ni wuri.

Soron namu na ƙasa ne, ko da rana tsaka akwai duhu in an toshe 'yar tagar. Na toshe ta da buhu, na rataya farin yadi daga azara har ƙasa, na manna na'urar a gindin turmi. Kwana tara ina zaune a tabarma da kwamfuta a cinya. Ranar da na buga taɓarya na ga shuɗin baba ya fashe a jikin yadin kamar an watsa ruwan rini, ban san lokacin da na fita tsakar gida ba takalmi ina kiran Iya ba.

Ta zo tana mita, ta gyara ɗaurin zani, ta karɓi taɓarya. Bugu ɗaya, shuɗi ya bazu. Ta sake, ja ya biyo. Sai ta cilla, ta yi tafi, ta cafe. Ta tsaya.

"Abin nan naki kurma ne," in ji ta.

"Kamar yaya, Iya? Ga shi yana amsawa."

"Bugu yake ji. Bugu ai ko ke kin iya. Na yi tafi bai ce komai ba, lugude kuwa a tafin yake."

Gaskiyarta. Lokacin da taɓarya take sama, yadin fari fat yake zama. Washegari na hau adaidaita zuwa Ƙofar Kabuga wajen wata ƙawata da muka yi karatu tare, na aro makirufo. Muka kwana uku muna gyara, har muka sa kowane tafi ya fitar da zanen dagi fari a tsakiyar launin, ya yi ta juyawa sai taɓarya ta sauko.

Ranar Asabar bayan azahar muka buɗe. Na gayyaci mutum goma sha, amma labari ya riga ni zagawa. Mata suka zo har daga Dukawuya, soro ya cika, wasu na leƙe ta kafaɗar wasu. Aka zuba gero na gaske, don Iya ta ce ba za ta daki turmi wayam ba. Ita da Gwaggo, ƙanwar Baba, da wata tsohuwar maƙwabciyarmu suka kewaye turmin.

Da suka fara, kiɗan ya hau, launuka suka riƙa bin juna a bango, suna zuba a fuskokinsu da hannuwansu. Iya ta cilla taɓarya har ta kusa taɓa azara, ta yi tafi uku, dagi uku suka fito reras. Wata ta rangaɗa guɗa. Ina durƙushe a lungu bayan kwamfuta, ina dariya ni kaɗai. Matan da suka shekara ashirin ba su riƙe taɓarya ba suka shiga layi. Har aka kira la'asar ba a daina ba, geron kuma aka yi fura da shi aka raba.

Ƙawata ta ɗauki bidiyo a waya ta sa a intanet. Bayan wata biyu wani gidan nuna zane a Legas ya kira ni. Iya ta ce ita ba ta shiga jirgi, sai Gwaggo ta raka ni, muka naɗe turmi cikin bargo. A filin jirgi ma'aikaci ya tambayi mene ne, Gwaggo ta ce, "Kayan aikinta ne, mai zane ce." Ranar na fara jin wani ya kira ni haka.

A Legas na kira gida ta bidiyo don Iya ta gani. Gwaggo na tsakiyar lugude a gaban baƙi, muryar Iya ta fito daga wayar: "Ki gaya mata tana sauri."

Daga nan aiki ya buɗe. Na yi wani da faifai da matankaɗi, na yi wani da sautin masaƙa, an kai shi ƙasashe biyu. Yanzu wajen masu bugun shadda nake zuwa. Makon jiya na kai musu na'urar, babbansu ya juya ta a tafin hannu, ya ce in manna a jikin gungumen da suke bugun shaddar a kai mu gani. Su shida suka ɗaga sandunan bugu suna jira in ce na shirya.