Alwatika da Gonar Albasa

A shekarun da nake koyar da lissafi a wata sakandare a Jega, akwai safiyar da har yau idan na tuna raina yake ɓaci.

Na zana wa 'yan aji biyar alwatika mai kusurwar digiri casa'in a allo. Na ce kewayenta talatin ne, faɗin cikinta ma talatin, su nemo mini tsawon kowane gefe. Muka bi a hankali har muka gano gefe mafi tsawo sha uku ne. Saura biyu: idan an haɗa su sha bakwai, idan an ninka su sittin. Ajin ya ɗau zafi. Har wata yarinya 'yar garin Kimba, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu tana rawar jiki.

Kafin in kira ta, sai ga shugaban makaranta a bakin ƙofa, motar kwasar kaya na ruri a bayansa.

"Malam, ba ni ɗiyan ga. Albasata ta nuna can Aliero, in ba a cire ta yau ba ɓaci za ta yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, muna tsakar darasi. Jarrabawa ta matso."

"Lissahi gudu shika yi? Kai, ku tashi!"

Suka tashi. Yarinyar ta sauke hannu, ta bi layi. Aka loda su a bayan mota, maza da mata, aka bar ni da alli a hannu.

Na hau babur na bi su. Na tarar da su duƙe cikin rana, fararen kayan makaranta sun yi jajir da ƙasa, shi kuma yana gindin darbejiya yana ba da umarni. Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba. Na ce iyayen yaran nan ma suna da gonaki, sun haƙura da aikin 'ya'yansu ne don su yi karatu, ba don su zame masa 'yan ƙwadago ba. Na ce wannan zalunci ne, ya ji tsoron Allah.

Bai ko miƙe ba. Ya ce, "Ka gama?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauran malamai. Duk sun san ba ranar aka fara ba, amma washegari kowa ya kau da kai, wasu har suna cewa in je in ba shi haƙuri. Na ƙi.

Kafin zangon ya ƙare aka mayar da ni wani ƙauye a Maiyama, wai ba na girmama na gaba. Shi kuwa yana nan kan kujerarsa har ya yi ritaya, aka yi masa walima da jawabai. An gayyace ni. Ban je ba.