Na Cire Muryarta Daga Waƙarta

Shekarun baya ni ne shugaban wata ƙungiyar wasan daɓe a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma a lokacin girman kai ya yi mini yawa. Muna da wani wasa mai waƙoƙi da rawa a kan mata masu noman rani a Jiratawa, duk inda muka kai shi sai wuri ya cika. Ba don ni ake zuwa ba. Wata dattijuwa ce 'yar Tibiri, mai fitowa a matsayin uwa, take rera waƙar daka da ta gada wurin mahaifiyarta. In ta ɗaga murya, mata 'yan kallo da kansu suke yi mata amshi.

Da muka tashi mayar da wasan fim, sai na fara jin kunyar harshenta. Ita "tahiya" take cewa, ba "tafiya" ba. Na ce a raina mutanen Kano dariya za su yi mana. Na ɗauke ta a kyamara tana waƙar, ban gaya mata komai ba, na tsallaka Kano aka ɗora muryar wata matashiya a kan bakinta, aka sauya lafazin, aka sa kiɗan fiyano. Fim ya karɓu fiye da zatona, har 'yan kabu-kabu waƙar ce a wayoyinsu.

Bayan wata uku na je Tibiri gaishe ta, ina jiran yabo. Ta ba ni ruwa, ta tambayi iyali. Sannan ta ce ranar wani suna tana daka ta ɗauko waƙar, sai jikanyarta ta katse ta gaban mata, wai ba haka ake yi ba, ta koya mata irin ta fim. Tun ranar ba ta sake rera ta ba. Ba ta zage ni ba. Wallahi da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, karɓuwar fim ba ta wanke cin amana. Ku masu mayar da wasa fim, ku ji tsoron Allah, kada ku taɓa abin mutum sai da saninsa. Bara dattijuwar ta rasu. Ranar addu'ar bakwai ɗiyarta ta roƙe ni in tura mata ainihin muryar uwarta, ko ta minti ɗaya ce. Na ce zan duba. Na san babu abin dubawa, da hannuna na goge ta.